Me ya sa 'yar ƙaramar manhaja ke neman izinin ganin komai?

Tambaya: Na jona wa Chrome ɗina wata 'yar manhaja mai fassara shafukan intanet, sai aka nuna mini cewa za ta iya karantawa da canza bayanaina a duk shafin da na shiga. In bar ta yadda ta zo, ko da matsala?

Amsa: Malama, gargaɗin nan ba na wasa ba ne. Duk shafi fa ya haɗa da na bankinki da imel ɗinki, har da abin da kike bugawa a cikinsu. Amma ba lallai mai manhajar macuci ne ba. Ba ta iya fassara abin da ba ta gani ba, kuma masu ƙera ta sun san in ta riƙa neman izini a kowane shafi, mutane za su gaji su goge ta. Shi ya sa take zuwa a buɗe. Sun zaɓi sauƙi, sun bar miki ɗawainiyar tsare sirrinki.

Ni abin da ya fi damuna, manhajojin nan suna canza hannu. A 2018 Google da Mozilla (masu Chrome da Firefox) suka cire wata 'yar manhaja mai suna Stylish daga rumbunansu bayan an gano tana aika wa kamfanin da ya saye ta jerin shafukan da mutane ke shiga. Ita ma The Great Suspender, mai masu amfani sama da miliyan 2, an sayar da ita a 2020, Google ta toshe ta a Fabrairun 2021 a matsayin mai cutarwa. Izinin da aka ba tsohon mai ita, sabon ne ya gaje shi, sabuntawa kuwa da kanta take sauka, ba sallama.

Tun 2018 Chrome ta ba da zaɓi uku a saitin kowace manhaja: ta yi aiki sai an danna ta, ko a shafukan da kika zaɓa, ko a ko'ina. Mai fassarar nan ki mayar da ita kan na farko. Dannawa ɗaya ce kawai ta ƙaru miki. Mai toshe talla da mai adana kalmar sirri kam ba su da amfani in an ɗaure su haka, sai dai ki tabbatar na sanannen kamfani ne.

A tagar sirri (Incognito) kuma, Chrome ba ta barin irin waɗannan manhajoji su yi aiki sai kin kunna da hannunki, Firefox ma ta bi sahu a 2019. Wannan saitin kada ki taɓa shi. Wadda kuma kika daɗe ba ki yi amfani da ita ba, cire ta gaba ɗaya.