Tambaya da Amsa: Keken jarirai da goyo a cikin trotro

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti. Ni mai goyo ce a Sawaba, nan Kumasi. Ɗana watansa 4, haihuwar fari ce, kuma tiyata aka yi mini. Har yanzu in na goya shi na daɗe sai ƙuguna ya riƙe. Ƙanin maigidana da ke Jamus ya aiko mana da keken jarirai, babba mai kyau. Ina shiga kasuwar Kejetia sarin kayan ɗan shagona, ina kuma kai yaron awo. In na tsaya bakin titi da keken sai trotro, wato ƙananan bas ɗin haya, su yi ta wuce ni, wanda ya tsaya kuma met ɗinsa, wato yaron mota, ya ce sai na biya kuɗin kaya. Uwar mijina ta ce in ajiye kayan Turawa in ɗauki zani. Yaya zan yi da keke da jariri a mota cike da mutane? Wanne ya fi wa yaron?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki, Allah ya raya mana shi, ya ƙara miki lafiya.

A matsayina na ma'aikaciyar jinya da ke duba uwa da jariri, abin da zan fara gaya miki shi ne, da zarar kin doshi trotro, keken nan ya zama kaya, wurinsa but. Yaro kuma wurinsa ƙirjinki. Ba a ɗaga keke a cusa shi mota da jariri a ciki, ko da kuwa barci yake yi kina jin tausayin tashinsa. Mutum biyu su kama, ɗaya ya karkata, yaro ya zame. Abin ba ya ɗaukar daƙiƙa biyu.

Mma, uwar mijinki, tana da gaskiya rabi. Goyo ya fi keke dacewa da titunanmu, amma goyon baya a cikin mota yana da nasa haɗarin da iyayenmu ba su cika ambata ba. Ƙofar trotro gajeriya ce, dole ki sunkuya, kuma in kin sunkuya kan yaron ne yake sama da naki, ba kya ganinsa, sai ya bugi ƙarfen ƙofa. In kin zauna kuma ya matse tsakanin bayanki da kujera, direba ya taka birki, jikinki ya yi gaba ya dawo a kansa. Saboda haka kafin ki shiga, ki sassauta majanyi ki zagayo da shi ta ƙarƙashin hammata zuwa gaba. Wanda ya fi wannan ma, ki fito daga gida da shi a ɗaure a gaba, da jakar goyo mai maɗauri a kafaɗa biyu da ƙugu, ko da dogon ƙyalle da ake giciyewa ta kafaɗu. Atamfa yadi 6 in an raba ta a tsaye tana isa. Ki roƙi ma'aikatan awo su nuna miki ɗaurin. Sun saba koya wa iyayen bakwaini ɗaura jariri a ƙirji. Zani guda da aka ɗaura a gaba ba tare da ya hau kafaɗa ba yana zamewa, kada ki dogara da shi ki saki hannu.

Ɗaurin gaba yana da sharaɗi, kuma a nan nake so ki nutsu. Hanyar numfashin jariri siririya ce, kansa kuma ya fi wuyansa ƙarfi. In haɓarsa ta faɗa kan ƙirjinsa, hanyar tana lanƙwashewa, numfashi ya ragu, kuma yaron ba lallai ya yi kuka ba. Don haka ya zauna a tsaye, cikinsa a jikinki, can sama yadda in kin sunkuyar da kai za ki iya sumbatar tsakar kansa. Yatsanki ya iya shiga tsakanin haɓarsa da ƙirjinsa. Hancinsa da bakinsa a fili, kina ganinsu ba sai kin ɗaga komai ba. Babban hijabi ne abin da ya fi damuna a nan. Mata da yawa suna lulluɓe jariri da shi gaba ɗaya saboda ƙura ko idon mutane, a mota mai zafi, jiki na gogar jiki. Ki yafa hijabinki ta gefe, ki bar fuskarsa waje. Wani amfanin ɗaurin sama shi ne nauyin ba ya sauka a kan wurin ɗinkinki.

Mu koma ga keken. Dalilin da ya sa motoci suke wuce ki ba ƙiyayya ba ce. Direban da ke kan hanya da safe yana tsere ne da na bayansa a kan fasinja, ya hango keke a buɗe ya san sai an naɗe, an buɗe but, an sake ɗaure ƙofar da igiya. Ki naɗe shi tun kafin motar ta iso, yaro yana jikinki, jaka a kafaɗa. Mafi sauƙi kuma ki tafi tashar da ake lodi, inda mota take tsaye tana jiran cika. A can kina da lokaci, kina da zaɓin kujera, kuma za ki ga inda aka sa kekenki. Ki ce a sa shi a saman kaya, kada a danne shi da buhu, domin in ƙarfen ya lanƙwashe makullin naɗin ba zai ƙara kamawa daidai ba. Kuɗin kaya kuwa, ni ban ga laifin met ba in keken ya cinye wurin da zai sa kayan wani. Ku yi ciniki kafin a ɗora, ba bayan an tashi ba. In da hali, kuɗin da ya fi amfani shi ne na kujera ta biyu, ki samu inda za ki ajiye jaka, gwiwar wani kuma ba ta tokare ƙafar yaro ba.

Wace kujera? Ba gaba kusa da direba ba, duk da cewa nan ne mutane masu kirki suke nuna wa mai goyo. Gilashi yana gabanki, kuma in an yi karo na gaba ne suke fara ji. Ba kujerar bakin ƙofa ba, don met yana buɗe ta mota na tafiya. Ba 'yar kujerar nan da ake naɗewa a hanyar wucewa ba, domin duk wanda zai sauka daga baya sai kin tashi kin fita da yaro kin sake shiga. Layin ƙarshe yana kan tayoyin baya, kowane rami sai ya jefa ku sama, ga hayaƙin salansa da ke shigowa in ƙofar but ba ta rufu ba. A tsofaffin Urvan da Hiace injin yana ƙarƙashin kujerun gaba ne, shi ya sa tudun da ke bayan direba yake zafi. Ki kula kada ƙafar yaro ta taɓa shi. Abin da ya rage shi ne layi na biyu ko na uku, can ciki jikin taga, inda babu mai tsallake ki, kuma ke ce mai iko da iska. In rana ta ɓangarenki take, ki kāre shi da gefen mayafi ba tare da kin rufe fuska ba.

Akwai wata al'ada mai kyau a motocinmu: wata uwa ta miƙo hannu ta ce kawo shi ki shigo. Ban ce ki ƙi ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma ki ba wadda ta riga ta zauna a ciki, nesa da ƙofa, wadda ba ta tari ko mura, ki karɓe shi da zarar kin zauna. Kada ki miƙa shi ciki ke kina ƙasa kina fama da keke, direba yana iya ja. In yana ɗaure a ƙirjinki ma buƙatar ba za ta taso ba. Wajen sauka, ki gaya wa met tun da sauran tafiya cewa kina da kaya a baya. Ki sauka da yaron, ki matsa daga bakin titi, a miƙo miki keken, ki buɗe har sai kin ji makullin ya ce ƙas, ki taka birki, sannan ki sa shi ki ɗaure masa bel, har da na tsakanin cinyoyi. Kada ki rataya ledojin sari a hannun keke, suna rinjayarsa ya kife ta baya.

Dole in faɗi wani abu ko da ba shi da daɗin ji. Duk dabarun nan rage haɗari suke yi, ba sa kawar da shi. Karo a gudun kilomita 50 a awa daidai yake da faɗowa daga tsayin kusan mita 10, kuma babu hannun uwa ko zani da zai riƙe yaro a irin wannan. Abin da aka ƙera don haka shi ne kujerar mota ta jarirai, wadda ake ɗaurewa da bel a kujerar baya, yaro yana kallon baya. Ki duba kayan da aka aiko muku, don kekunan Turai da dama suna zuwa da ita, mai hannu kamar kwando, ana cire ta daga jikin keken. In tana nan, to ranar da za ku yi tafiya mai nisa, ko za a bi babbar hanya irin ta Accra ko Tamale, ki ɗauki shatar tasi ko ki kira Bolt, tasin da ake kira ta waya, ki yi amfani da kujerar. In kuma kin samu mota mai bel, ki ɗaura a jikinki ke kaɗai, kada bel ɗaya ya haɗe ku biyu, nauyinki zai danne shi. Pragya, motar haya mai ƙafa uku, ba ta da ƙofa, in ya zama dole ki zauna tsakiya. Ki kuma tuna a 2023 hukumar birnin Kumasi (KMA) ta taƙaita shigarsu tsakiyar gari, don haka kada ki sa rai za ta kai ki bakin kasuwa. Babur da jariri kuwa, a'a.

Maganar Kejetia daban ce. Sabon ginin da aka buɗe a 2019 hawa-hawa ne, shagunansa sun haura 8,000, kuma kafin ki isa cikinsa sai kin ratsa cunkoson da ƙafa ma da ƙyar take samun wurin takawa. Yaron da ke cikin keke yana daidai gwiwar mutane, ƙarƙashin kwanukan 'yan kaya, kusa da salansar motoci, ga kwatoci a buɗe da ke haɗiye ƙaramar taya. Babban keke irin naki yana iya kaiwa kilo 10 zuwa 15, ki haɗa da yaro da kayan sari, ga ƙugu mai ciwo. Ni dai ba zan ba ki shawarar shiga da shi can ba. Ranar sari ki tatsi nono a kofi mai tsabta da murfi, ki bar yaron wurin Mma, ta ba shi da ƙaramin kofi. A ɗaki mai sanyi nonon yana kaiwa awa 4, a firji kuma ya kwana. Ki fita bayan ƙarfe 9 in 'yan makaranta da ma'aikata sun ragu, ki dawo kafin la'asar. In dole sai da shi, ki tafi da wata ƙanwa ta riƙe kaya, ki shayar da shi kafin ku fita. Zafin mota ba dalili ba ne na ɗura masa ruwan leda. Kafin wata 6 nono kaɗai ya ishe shi ƙishirwa, ke ce za ki sha ruwan.

Ba cewa nake kyautar ƙanin miji ta tashi a banza ba. A shagonki keken zai hutar da bayanki sosai, haka ma a layin asibiti ko zagayen unguwa inda hanya take da kwalta. Sai dai a watansa 4 bai iya zama da kansa ba tukuna, yawanci sai wajen wata 6, saboda haka ki kwantar da majinginar ta miƙe sosai, ya kwanta a kan bayansa, a inuwa, idonki a kansa. Kada ki rufe keken da zani don rana ko ƙurar hunturu. Iska tana tsayawa a ciki, zafi ya taru fiye da na waje. Rumfar keken ta isa. In kin taɓa ƙeyarsa kin ji gumi da zafi, ki rage masa kaya ki ba shi nono. In kuwa ya yi laushi, ya ƙi kama nono, ko numfashinsa ya yi sauri, asibiti za ki nufa nan take.

Ciwon ƙugun kuma kada ki yi shiru da shi. Mata da yawa suna ɗora laifin a kan allurar baya da aka yi musu lokacin tiyata, alhali galibi tsokar ciki ce ba ta gama dawowa ba, ga yawan sunkuyo da ɗaukar nauyi. In za ki ɗauki yaro ko keke ki durƙusa da gwiwa, kada ki lanƙwasa baya. In ciwon yana sauka ƙafa, ko ƙafar tana mutuwa, ko wurin ɗinki ya kumbura ko yana fitar da ruwa, ki ga likita ba tare da jiran ranar awo ba.

Shi kuwa awon, tunda ya kai wata 4 ina sa ran ya karɓi alluran sati 6, 10 da 14. Ki buɗe littafinsa ki tabbatar. Awon wata-wata ba sai an je babban asibiti ba. Ma'aikatan lafiyar al'umma suna fitowa cikin unguwanni a ranakun da suka tsayar, su auna yara, su yi allura, su rubuta a littafin nan guda da ke hannunki. Zuwanki na gaba ki tambayi nas ɗin wace rana suke zuwa kusa da ku a Sawaba da kuma inda suke zama. In wurin na tafiyar ƙafa ne, ki tura kekenki ki je, ba sai kin shiga mota ba.