Hukuncin tara wa ɗan takarar gwamna kuɗin kamfen

Tambaya: Malam, mu 'yan kasuwa ne, mun kafa ƙungiyar goyon bayan wani ɗan takarar gwamna a jiharmu, kowa na zuba abin da ya sawwaƙa. Shugabanmu ya ce in an ci zaɓe, kwangilar kujerun makarantu tamu ce. Kuɗin da na zuba ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah. Ɗan'uwa, asalin tallafa wa wanda ka ga ya fi cancanta da riƙon amana halal ne. Kuɗin fasta, man mota, abincin wakilan da za su wuni a rumfar zaɓe, duk suna shiga taimakekeniya a kan alheri, kamar yadda aya ta 2 a Suratul Ma'ida ta umarta.

Maganar shugabanku ce ta ɓata lamarin. Kuɗin da aka bayar ana jiran kwangila rashawa ce da aka biya tun kafin mutum ya hau kujera. Ba sai an rubuta ba, domin malaman fiƙihu sun ce abin da aka saba a al'ada tamkar sharaɗi ne. Aya ta 188 a Suratul Baƙara ta hana miƙa dukiya ga masu hukunci don a ci haƙƙin mutane. Abin da ya fi tsorata ni shi ne hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim: cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ranar Ƙiyama ba akwai wanda ya yi wa shugaba mubaya'a don abin duniya kawai, in an ba shi ya cika alkawari, in an hana shi ya saɓa.

Ka tambayi kanka, daga ina za ku mayar da kuɗinku? Daga kujerar da za a yi da ruɓaɓɓen katako, ta karye kafin damina ta wuce, yaran talakawa su koma zaman ƙasa.

Akwai kuma doka. A shekarar 2022, Dokar Zaɓe ta wancan lokaci ta ƙayyade cewa kada ɗan takarar gwamna ya kashe fiye da naira biliyan 1, kada kuma mai ba da gudummawa ya wuce naira miliyan 50. Rarraba kuɗin attajiri ɗaya da sunayen 'yan ƙungiya don kauce wa iyaka ha'inci ne.

Don haka ka faɗa wa shugabanku a gaban mutane cewa ba ka cikin wannan sharaɗi, ka nemi a nuna maka inda kuɗin ke zuwa. In sayen ƙuri'a ne ko sallamar 'yan daba, ka janye hannunka. Abin da ka riga ka bayar da wancan kwaɗayi, ka tuba, kuma kada ka karɓi kwangilar sai an tallata ta kowa ya nema. Wallahu a'alam.