Tambaya da Amsa: Otopilot na bin hanya, amma ya ƙi saukowa

Assalamu alaikum. Ni makaniken jiragen sama ne a Yamai. An kawo mana Cessna 182 mai tsohon otopilot (na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta) KAP 140, aka sa masa sabon GPS, GTN 650Xi na Garmin. Allon yana nuna wurin da za a fara saukowa, otopilot kuma yana bin hanya hagu da dama lafiya lau, amma ya ƙi sunkuyar da hancin jirgi. Waya muka kuskure?

Wa alaikumus salam. Malam, kada ka kwance waya ko ɗaya tukuna, da wuya a ce laifinku ne. Saukowa iri biyu ce, kuma mutane suna yawan cuɗa su.

Ta farko ita ce saukowar kan hanya, wadda ake kira VNAV: jirgi yana ƙafa 9,500, ana son ya isa wani wuri a ƙafa 3,000. GPS ne ke zana gangaren, amma da tsayin altimeta (agogon auna tsayi) yake lissafi, wato matsin iska da aka gyara da QNH, lambar matsin iskar da hasumiya ke ba matuƙi. Umarnin da yake aikawa na dijital ne. Ta biyu ita ce gangaren ƙarshe zuwa bakin titin jirgi, na ILS (mai bin siginar rediyo daga filin jirgi) ko na LPV (mai bin tauraron ɗan'adam), wanda galibi digiri 3 ne. Wannan ana iya aika shi a matsayin ƴar wuta, milibolt 150 sama ko ƙasa, irin wadda ke motsa allurar tsohon agogon ILS.

KAP 140 wannan ƴar wutar kaɗai ya sani. Shi ya sa zai kama gangaren ILS na filin Diori Hamani na Yamai, amma VNAV ba yarensa ba ne, kuma babu sabunta manhajar da za ta koya masa. Haka KFC 150 da KFC 200 suke. Ka kuma duba wane KAP 140 ne, don akwai mai sarrafa fukafukai kawai, wanda ba shi da sarbo, wato ɗan injin da ke motsa jirgi, na sama da ƙasa gaba ɗaya.

In mai jirgin ba zai sauya otopilot ba, matuƙi ya karanta gudun saukar da GPS ke nema, ya sa shi da hannu a VS, wato maɓallin gudun hawa da sauka, ya zaɓi tsayin da zai tsaya. Samfurin da ke da zaɓin tsayi yana da nasa maɓallin BARO na sa QNH, kuma galibi bai san abin da aka murɗa a altimeta ba. Sau biyu ake sa QNH. Wanda ya manta zai ga jirgi ya tsaya a tsayin da ba shi aka ba shi ba.

In kuwa zai sauya, haɗin da aka fi sani shi ne otopilot GFC 500 na Garmin, da GTN, da allo irin G5 ko GI 275 wanda ke ba da tsayin da aka gyara. Da G5 sai an sa ɗan akwatin GAD 29B a tsakani don ya fassara ARINC 429, yaren da na'urorin jirgi ke aika bayanai da shi. Kafin a sayi komai a tabbatar samfurin jirgin yana cikin jerin takardar STC, wato takardar izinin sa na'urar a jirgi, a kuma kai wa ANAC, hukumar sufurin jiragen sama ta Nijar, maganar amincewa, tunda jirgi ne mai rajistar 5U, wato ta Nijar. A kula kuma, na'urorin GPS samfurin GNS 430W da GPS 175 lissafin shawara kawai suke yi wa matuƙi, ba sa jan otopilot a saukowar kan hanya ko da GFC 500 ne a jirgin.

Malam, ina wuni. Ni matuƙi ne, ina yawan zirga-zirga tsakanin Yamai da Tawa. Jirginmu yana da GFC 500 da GTN 750. Wani lokaci in na danna VNAV yakan sauko, wani lokaci sai ya wuce wurin kamar bai ji ba. Ranar da ya sauko kuma gudu sai ya yi yawa.

Lafiya lau. Wanda aka fi kamawa da shi shi ne tsayin da aka zaɓa. In kana ƙafa 9,500 kuma lambar zaɓin tsayi tana nan a 9,500, otopilot ba zai bar wurin ba ko ka danna VNAV sau goma. An gina shi haka da gangan, don kada jirgi ya bar tsayin da hasumiya ta ba shi ba da sanin matuƙi ba. Ka fara murɗa lambar zuwa tsayin da aka yarje maka, sannan ka danna. Rubutun VNAV zai fito fari, alamar yana jira, ya koma kore in ya kama. Idan tsayin da ka zaɓa ya fi na tsarin tafiyar da aka sa a GPS, a naka zai tsaya.

Bayan wannan ka duba ko akwai tsayi a jikin wani wuri cikin tsarin tafiyar, domin in babu, ba abin da GPS zai zana. Ka duba kuma ko kana kan layin. Wanda ya kauce wa hadari da damina ya yi nisa da hanya, lissafin yakan tsaya har sai ya dawo ko ya zana sabon layi kai tsaye.

Ga lissafin hanyarka. Yamai zuwa Tawa kusan mil 200 ne na teku. Filin Tawa yana wajen ƙafa 1,270, sai mu ce kana son isa a 2,300. Daga 9,500 za ka zubar da ƙafa 7,200. A digiri 3, wato ƙafa 318 kowane mil, za ka fara daga mil 23, kuma in gudunka a ƙasa mil 120 ne a awa, kana saukowa kusan ƙafa 640 a minti. Jirgin da ba a matse iskar cikinsa ba, wannan ya yi wa kunnen fasinja yawa, balle mai mura. Ka saita ƙafa 500 a minti, farawar ta koma mil 29. VNAV kusurwa yake riƙewa, don haka da hunturu, in kana komowa Yamai iskar arewa maso gabas tana tura ka har gudu ya kai 140, digiri 3 ɗin nan zai zama ƙafa 740 a minti.

Maganar gudu kuwa, otopilot ɗin nan ba ya taɓa totur. Hanci zai sunkuya, injin yana nan da ƙarfinsa, allurar gudu ta shiga rawaya, kuma da rana tsaka a watan Afrilu iskar ƙasa tana jijjiga jirgi sosai. Da saƙon TOD, wato wurin fara saukowa, ya fito, minti ɗaya kafin farawa, ka fara rage totur kaɗan-kaɗan. In jirgin ba shi da sarbo na tirim, wato abin daidaita nauyin hancin jirgi, ka bi umarnin tirim da ke fitowa a allo.

Idan duk wannan daidai ne amma abin yana ɗaukewa, aikin makanike ne. A kashe wuta a auna layin CAN, wayar da na'urorin otopilot ke magana da juna ta cikinta, ya kamata ya ba da om 60, don akwai 120 a kowane ƙarshe. A duba saurin ARINC 429, na ƙasa kilobit 12.5 ne, na sama 100, kuma dole bakin biyu su zama ɗaya. Sai kafar iskar gefen jirgi, wadda altimeta ke jin matsin iska ta cikinta: ƙurar hazo tana shiga, zanzaro kuma yana son gina ɗakinsa a irin wannan rami. Gwajin yoyo shi ne a ja altimeta ƙafa 1,000 sama da filin, kada ta zubar da fiye da 100 a minti ɗaya.

Ni ɗalibi ne a EAMAC, makarantar koyon aikin jiragen sama da ke Yamai. GPS mai WAAS zai iya saukar LPV a Nijar?

WAAS, wato tsarin tauraro da ke ƙara wa GPS daidaito, na Arewacin Amurka ne, irinsa na Turai kuma EGNOS. Na yankinmu shi ne ANGA na ASECNA (hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasashen Afirka, ciki har da Nijar), wanda ya fara watsa siginar gwaji a 2020 ta tauraron NigComSat-1R na Najeriya, aka yi gwajin sauka a Lome a Janairun 2021. LPV yana buƙatar siginar da aka amince da ita don tsaron rai, da kuma taswirar sauka mai layin LPV a AIP, littafin bayanan filayen jirgi na ASECNA. Na'ura mai takardar shaida ba ta amfani da siginar da ke ɗauke da alamar gwaji.

Inda taswira ta ce LNAV/VNAV, wato wata hanyar sauka da GPS, kuma jirgin yana da izinin bi da altimeta, zafinmu yana shiga lissafi. Kuskuren altimeta kusan kashi 4 cikin ɗari ne kowane digiri 10 na bambanci da ISA, wato ma'aunin zafin da aka saita altimeta a kai. A Yamai ISA wajen digiri 13 ne, to ranar da zafi ya kai 43, gangaren digiri 3 yakan zama wajen 3.3, ka ga fitilun PAPI na gefen titi sun fi yin fari, alamar jirgi ya yi sama. Kuskuren QNH ya fi wannan muni, don hektopaskal ɗaya kusan ƙafa 28 ne. A Mayun 2022 wani Airbus A320 da ke sauka a Faris an ba shi QNH 1011 maimakon 1001, saura ƙafa 6 ya taɓa ƙasa kafin ya kai titi, alhali allonsa yana nuna yana kan layi. Haka kuma GP da GS, wato yadda otopilot ke bin gangaren ƙarshe na GPS da na ILS, ba sa kallon tsayin da ka zaɓa. In ka danna APR, maɓallin saukar ƙarshe, ya kama, zai ratsa mafi ƙarancin tsayin taswira ya ci gaba, sai ka cire shi da hannu ko ka danna maɓallin sake tashi.