Yaron da ba ya magana a rauda: galahanga ce ko fargaba?

'Yata, kin tambaye ni game da yaron nan ɗan shekara biyar da uwarsa ta kawo mana nan Jidda daga Makka. A rauda, wato makarantar ƙananan yara kafin firamare, ba ya cewa uffan, ba ya kallon malama a ido, kuma da an sauya masa wurin zama sai kuka. Kika ce ke kam galahanga kika gani, wato autism, lalurar da ke shafar yadda yaro ke magana da hulɗa da mutane. Dakata tukuna, kada ki rubuta a fayil.

Duk abin da kika gani, a gaban mutanen da bai saba da su ba kika gan shi, inda yaron yake a tsorace. Mai ciwon fargaba ya iya hulɗa da mutane, tsoro ne ke danne shi. Da ya koma gida sai ya ishi kowa da surutu. Mai galahanga kuwa halinsa na tare da shi ko a cinyar uwarsa yake. Shi ya sa nake roƙon uwa ta ɗauko min bidiyonsa a waya yana wasa da 'yan'uwansa, bai san ana ɗauka ba. Ki zuba ido: in ya gina wani abu, yana waiwayowa ya ga ko an gani? Yana ɗaukar marfin kwalba ya ce shayi ne ya miƙa wa ƙanwarsa? Ko kuwa ya kifa mota yana ta juya tayarta, bai damu da kowa ba?

Daga nan ki koma da uwar baya. Yana ɗan shekara ɗaya, in an kira sunansa yana juyowa? Wajen shekara ɗaya da rabi, in jirgi ya wuce, yana nunawa da yatsa sannan ya kalli fuskarta? Ba nunin "ba ni" nake nufi ba, nunin "duba ki gani". Littafin DSM-5 na 2013, wanda likitoci ke bi wajen tantance lalurorin ƙwaƙwalwa, ya shardanta cewa alamun galahanga su faro tun farkon ƙuruciya. Ita fargaba sau da yawa tana da mafari, za ki ji uwa ta ce, "Tun da aka sa shi makaranta ya koma haka."

Sunkuyar da kai kada ya ruɗe ki. Ɗan Bahaushe da aka yi wa tarbiyya ba ya tsura wa babba ido, kunya ce. Ga kuma batun harshe: in Hausa zalla ake yi a gidansu, a rauda kuma Larabci, shirunsa zai iya zama na wanda bai kama yaren ba. Ba a kiran shirun makaranta ciwo sai yaro ya iya yaren, shirun kuma ya kai wata guda, ban da watan farko na shiga. Gwajin ji kuwa, tura shi yau.

Galahanga da fargaba kan haɗu a yaro ɗaya. Bincike ya nuna kusan kashi 40 cikin 100 na yara masu galahanga suna da ciwon fargaba, don haka samun ɗaya ba ya kore ɗayar. In bidiyon da labarin uwar suka karkata ga galahanga, za mu tura shi wurin likitan da ke gwajin ADOS, wato gwajin lura da halayen yaro don tantance galahanga. Kafin nan kada ki ambata wa uwar sunan wani ciwo. Ki ce mata ta dawo da bidiyon, ta zo da kakarsa in ita ta raine shi.