Ga mai tambayar kettlebell: gyara ƙugu kafin ka ƙara kilo

Assalamu alaikum ɗan'uwa. Ka ce kana Yamai, aiki ya hana ka zuwa gidan motsa jiki, kana so ka san ko bin bidiyon kettlebell a gida zai ba ka ƙarfi ya rage maka tumbi, da kuma kilo nawa za ka saya. Daga Tahoua nake amsa maka, shekara uku ke nan ina ɗaga ƙarfen nan, wato dunƙulen ƙarfe mai kama da ƙwallo da mariƙi a samansa, a tsakar gida.

Ƙarfi kam za ka samu, in sha Allahu. Tumbi kuwa sai ka haɗa da rage sukarin shayi da tuwon dare.

Batun nauyi, asalin abin daga Rasha yake, da wani ma'auninsu mai kilo 16 da ƴan kai suke auna shi, shi ya sa za ka riƙa ganin 16, 24 da 32. Namiji mai lafiya ya fara da 12 ko 16, mace da 8. Ni 16 aka sayo mini a Yamai aka sako a mota. Kafin ya iso na yi ta gwaji da bidon ruwa, tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce. Yana da kyau wajen ɗauka ka yi tafiya da shi, amma ruwan na kai da komo a ciki, ba ya yin lilo, wato kaɗa shi daga tsakanin ƙafafu zuwa gaba. Ƙarfen da mai walda ya liƙa wa hannu kuma, don Allah kada ka yi lilo da shi. In hannun ya ɓalle, kilo 16 ne zai tashi a gidan da yara ke wasa.

Abin da na fi so ka riƙe shi ne, mai bidiyon ba ya ganinka. Sati biyu na yi ina bin wani bidiyo na minti 20, ina haɗa zufa ina jin daɗi, ashe tsugunawa nake yi ina fizgo ƙarfen da hannuwa. Wata asuba na sunkuya zan ɗauki buta, kwankwasona ya riƙe. Kwana goma a zaune nake sallah. Da na warke sai na jingina waya a jikin turmi, na ɗauki kaina ta gefe. Abin da na gani ya ba ni tsoro: bayana a lanƙwashe kamar baka, kaina a ƙasa, alhali ni a raina daidai nake yi da mutumin.

Lilon nan aikin ƙugu ne, hannu igiya ce kawai. Ga yadda na koya. Ka ba bango baya, tsakaninku kamar tsawon tafin ƙafa ɗaya, ka tura mazaunai baya har su taɓa shi, gwiwa ta ɗan lanƙwasa kaɗan, baya a miƙe. Kamar dai ka riƙo tiren shayi da hannu biyu kana so ka tura ƙofa da baya. Idan ka ji bayan cinyoyinka na ja, ka samu. Daga nan ka miƙe da ƙarfi lokaci guda, ƙarfen zai tashi da kansa zuwa ƙirji. Mu a nan ba baƙon abu ba ne gare mu. A Tahoua aka yi kokowar takobi ta farko, wato gasar kokowa ta ƙasar Nijar, a 1975, kuma duk wanda ya taɓa zama a filin kokowa ya ga yadda ɗan kokowa ke ɗaga abokin karawarsa: daga ƙugu da cinya ƙarfin ke tasowa.

Wajen zaɓen bidiyo, ka nemi mai koyarwa a hankali, mai nuna kansa ta gefe, da Faransanci ne ko da Ingilishi. Masu motsi kala ashirin da kiɗa a bar su tukuna. Ka sauke guda ɗaya daga YouTube a wayarka saboda tsadar intanet, ka zauna kansa wata biyu. Motsi uku sun ishe ka: lilo, tsuguno da ƙarfen rungume a ƙirji, da tashi daga kwance da shi a sama, wanda ake dangantawa da Turkawa. Na ukun nan da takalmi a kan dunƙulen hannu za ka fara koyonsa. Ni sau uku nake yi a sati, lilo goma-goma sau biyar na fara, yanzu sau goma.

Sai zafi. A Afrilu da Mayu ya kan wuce digiri 40, don haka bayan asuba nake yi, a kan yashi, babu takalmi. Kada ka bar ƙarfen a rana, zai ƙona maka tafi, kuma ka ajiye tsumma kusa don gumi na sa shi suɓucewa. Da azumi ina rage motsa jikin rabi, in mayar da shi bayan tarawihi. In kana da hawan jini, gwaiwa ko tsohon ciwon baya, ka ga likita kafin ka taɓa shi.

Bara da famfo ya ɗauke mana, bido biyu masu lita 25 na riƙa ɗaukowa daga bakin titi har cikin gida, bayana bai ce komai ba. Idan ƙarfenka ya iso, ka ɗauki bidiyon lilo goma ta gefe ka turo nan, zan duba maka.