Ku Tambayi Likita: Tabo-tabon da ke jikin yarona tun yana jariri

Tambaya: Salam Anti likita, dan Allah a ɓoye sunana. Yarona watansa 8, tun kafin mu yi arba'in na ga wasu tabo guda biyu a cikinsa da cinya, launinsu ya fi jikinsa duhu kaɗan, a shafe suke ba tudu ba ƙaiƙayi, to yanzu sun kai bakwai har da baya. Hajiyar maigidana ta ce tawadar Allah ce in bar shi, maƙociyata kuma ta ce kyasbi ne har na sayo mai a kemis ina shafa masa amma shiru. Baban nasa ma yana da irin tabon da wasu ƙananan tsiro masu laushi a bayansa tun yana saurayi. Kuma auren zumunci muka yi, ko shi ne ya jawo?
Daga wata uwa a Tudun Wada, Zariya.

Amsa: Wa'alaikissalam 'yar'uwa, Allah Ya raya mana shi. Kafin komai ki ajiye man nan yau ɗin nan. Yawancin mayukan kemis masu haɗi uku akwai sinadarin sitiroyid a ciki, yana sa fatar jariri ta yi siriri ta ɗashe, kuma wannan tabon ba ƙwayar cuta ba ce balle mai ya kashe ta, launi ne a cikin fatar kanta. Kyasbi yana da ɗan gari-gari in aka kankare, makero kuma zagaye yake yi da ƙaiƙayi, naki ba ko ɗaya.

Hajiya ba ta yi ƙarya ba, yara da yawa ana haifarsu da tabo ɗaya ko biyu irin wannan kuma lafiyarsu ƙalau. Haka shuɗi-shuɗin nan da ake gani a ɗuwawun jarirai, shi ma ba komai ba ne, da kansa yake ɓacewa. Inda muke tsayawa mu duba shi ne yawa da girma. In tabon ya kai 6 ko fiye, kuma kowanne faɗinsa ya wuce milimita 5 wato rabin santimita a jikin yaro (a babba milimita 15 ake nema), to ana zargin wata larura ta gado da ake kira NF1, wadda wani likitan Jamus von Recklinghausen ya yi bayaninta tun 1882. Kusan mutum 1 cikin 3,000 ke da ita. Matsala ce a ƙwayar halitta guda ɗaya da aikinta shi ne taka wa ƙwayoyin jiki birki kar su yi ta girma ba tsari, in ta samu tangarɗa sai tsiro su riƙa fitowa a kan jijiyoyin da ke ɗaukar saƙo a jiki. Ki ɗauko tef ɗin tela ki auna kowanne da rana a waje, ki ɗauki hoto da waya, don a fatarmu baƙa tabon yana ɓuya a hasken ɗaki.

Ni abin da ya fi ɗaukar min hankali a wasiƙarki baban ne. Ba zan yanke hukunci daga nesa ba, amma tabo bakwai ga uba mai tabo da tsiro, gaskiya sai an duba su biyun tare. In aka tabbatar uban yana da ita, to tabon yaron kaɗai ya isa a ce shi ma yana da ita. Ki lallaɓa shi ya bi ku asibiti, na san mazanmu da "ni lafiyata lau", ki ce masa don yaro ne.

Zancen auren zumunci kuwa ki cire shi a ranki. Wannan ba kamar sikila ba ce da sai uwa da uba sun haɗu, daga mutum ɗaya ake ɗauka, ko bare ya aura haka ne, kowane ciki rabi da rabi ne ko yaro ya ɗauka ko ya tsira. Kuma kusan rabin masu ita ma iyayensu ba su da komai, a kansu ta fara. Ba abin da kika ci da ciki ba ne, ba ta yaɗuwa ta nono ko ta taɓa jiki.

Ku je sashen yara na Asibitin Koyarwa na ABU da ke Shika, ko ku fara da asibitin Gambo Sawaba a Ƙofar Gayan su tura ku. Za a auna kansa da tsayinsa da hawan jini, a duba ƙashin baya da na ƙafa. Sannan ido, wannan ina so ki riƙe shi da kyau: wasu yaran, kamar 15 cikin 100, tsiro yana fito musu a jijiyar gani, yawanci kafin shekara 7, kuma yaro ba zai ce miki ba ya gani sosai ba, shi ya sa likitan ido yake duba su duk shekara ko da ba wani ƙorafi. Kar ki jira ranar kilinik in kika ga ido ɗaya ya turo ko ya karkace, ko ƙwaurinsa ya lanƙwashe kafin ya fara tafiya, ko wani kumburi mai laushi da fatar da ke samansa ta yi duhu ko ta fito da gashi. Irin kumburin nan dan girman Allah kar a kai wa wanzami ya yi sakiya ko tsaga, jijiya ce a ciki kuma yana zubar da jini sosai.

Nan gaba wajen shekara 3 zuwa 5 za ki iya ganin ƙananan ɗigo-ɗigo a hammata da matsematsi, tsiron irin na babansa kuma sai wajen balaga suke zuwa, in ma za su zo. Maganin da zai cire larurar NF1 gaba ɗaya babu, amma da yawa daga masu ita tabon ne da 'yan tsiro kawai, suna karatu suna aure suna neman abincinsu, in ma an tabbatar babansa yana da ita, ga shi nan a gabanki. Wasu dai sukan yi jinkirin magana ko su sha wuyar karatu, in ya shiga makaranta kika ga haka ki faɗa wa likitansa da malamansa da wuri kafin a fara ce masa daƙiƙi. Rigakafinsa kuma ki ci gaba da kai shi kamar kowane yaro, sannan in yana da yayye ki duba jikinsu su ma kafin ranar da za ku je.