Amsa ga mai tambaya kan allurar kemis

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce yaronki na zazzaɓi, mai kemis ya ɗora shi kan allurar kwana uku, kuma kin lura tsinken kawai yake canzawa sirinjin guda ne, ko akwai matsala? Wallahi akwai, don Allah kar ki sake mayar da shi.

Na daɗe ina aiki a ƙaramin asibiti, abin da mutane ba su gane ba shi ne in aka yi wa mutum allura jini kan ɗan koma cikin sirinjin ko ido bai gani ba, to ko an sa sabon tsinke in dai aka zuƙi magani da sirinjin nan ita ma kwalbar ta gurɓace, duk wanda ya biyo baya yana cikin haɗari. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana kai kwana 7 a waje ba ta mutu ba, kuma ƙaramin yaro in ya kamu ta fi zama a jikinsa har girma, shiru ba alama sai hanta ta lalace. A Masar allurar tsargiya da aka riƙa yi wa jama'a da sirinjin gilashi daga wajen 1950 zuwa 1980 ta yaɗa ciwon hanta nau'in C ga miliyoyi. A 2019 a garin Ratodero na Pakistan ɗaruruwan yara aka samu da HIV alhali iyayen yawancinsu ba su da shi, aka danganta abin da irin wannan maimaita sirinji.

Wanda ya fi ci min rai kuma shi ne allurar ɗuwawu, akwai babbar jijiya da ta bi ta nan ta sauka ƙafa, in wanda bai iya ba ya soke ta sai ki ga yaro na jan ƙafa, a gida a ce shan inna ne ko iska a kama rubutu da turare lokaci na ƙurewa. Shi ya sa mu a cinya muke wa ƙanana. Ga ƙurji mai tara mugunya har sai an tsaga.

Mu ma iyaye da namu, in ba a tsira wa yaro allura ba gani muke ba a yi magani ba. Maleriya in ba ta yi tsanani ba ƙwayoyin ACT, wato haɗin maganin maleriya da ake sha, na kwana 3 sun isa, mai kemis kuwa lasisinsa na sayar da magani ne, bai haɗa da allura ba.

Ki kai shi asibiti da katin rigakafinsa a duba ko ya gama penta, rigakafin da ya haɗa har da na ciwon hanta nau'in B, a yi masa gwajin maleriya, ki faɗa musu zancen sirinjin kar ki ɓoye. In kuma kin ga yana ɗingishi ko wurin ya kumbura yau ɗin nan za ki tafi. Allah ya ba shi lafiya.